Ga ɗan'uwan da ke tambaya kan gidan bakin teku a Mandara

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ina ganin tambayarka gabana ya faɗi, don wallahi kamar ni na rubuta ta. Ka ce ka samu gurbi a Jami'ar Iskandariyya ta Masar, za ka taso daga Alƙahira tsakiyar Nuwamba, simsar, wato dillalin gidaje, ya turo maka hoton gida a unguwar Mandara, hawa na ƙarshe, baranda na kallon teku, kuɗinsa kuma bai kai na gidajen cikin unguwa ba. Kana son sanin ko sanyin can ya kai yadda ake zuzutawa, ko bargo ɗaya zai ishe ka. Kada ka tura masa ko sisi tukuna.

Araha ba ta ado. Gidajen nan na unguwannin Miyami, Asafra da Mandara an tanade su ne don 'yan Alƙahira masu zuwa shan iska lokacin zafi. A watanni ukun nan masu gida ke cin kasuwarsu, sauran shekara kuma su nemi ɗalibi baƙo ya riƙe musu ginin ya sha wuyarsa. Shi ya sa za ka ga fanka a kowane ɗaki, amma taga ko ɗaya ba ta rufuwa da kyau.

A lissafi sanyin ba wani abu ba ne. Ko a Janairu, dare wajen digiri 9 ne, rana 18. Wanda ya sha hunturun Kano ko Damagaram zai yi dariya. To amma namu busasshe ne, ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa shi ke nan. Na Iskandariyya jiƙaƙƙe ne, a cikin ɗakin yake kwana tare da kai. Bango yana zufa, katifa ta yi laima, wanki ya yi kwanaki a igiya bai bushe ba sai tsami. Na taɓa jawo takalmin Juma'ata daga ƙarƙashin gado na tarar fumfuna ta mai da shi kore har cikin ɗinki. Gishirin teku kuma ba ya barin ƙarfe, makulli ya yi tsatsa, soket ya yi baƙi.

Kuma lokacin da ka zaɓa, kana sauka nawwa na sauka, wato guguwar iska da ruwan sama ta lokacin sanyi, kowacce da sunanta. Maknasa wajen 16 ga Nuwamba take zuwa, sai Ƙasim a makon farko na Disamba, wadda masunta suka fi shakka, sai Faida ƙarama wajen 20 ga wata, kafin a shiga na Janairu. Ba lallai su zo daidai ranar ba, sukan yi gaba ko baya kaɗan, amma suna zuwa. Teku a lokacin bai gama hucewa daga zafin bazara ba, sai iska mai sanyi ta gangaro daga Turai ta hau kansa, hadari ya haɗu ya nufo gaɓa ta arewa maso yamma. Wato daidai inda barandarka ke kallo. Ruwan da garin ke samu a shekara wajen milimita 200 ne kawai, amma mafi yawansa tsakanin Nuwamba da Fabrairu yake zuba, a 'yan kwanaki, wani lokaci har da ƙanƙara. Ku na Alƙahira da yayyafi ke ba ku labarin mako guda, ba za ku gane ba sai kun gani. Sai ka ji hukumar yanayi ta ce igiyar ruwa za ta kai mita uku zuwa huɗu, a rufe mashigar tashar jiragen ruwa ta Iskandariyya da ta Dikhaila, masuntan Anfushi da Abu Ƙir su ɗaure jiragensu, ruwa ya riƙa tsallake katangar Kurnish, titin bakin teku, yana dukan motoci.

Ni a 2015 na zo, shekarar da ruwan 25 ga Oktoba ya cinye garin, mutane suka mutu, wasu ta hanyar wutar lantarki da ta shiga ruwa, har gwamna Hani al-Masiri ya ajiye muƙaminsa. Wannan kowa ya ji. Abin da ba wanda ya ji shi ne daren da Ƙasim ta same mu a hawa na ƙarshe a Asafra, ni da wani ɗan'uwa daga Maraɗi mai ciwon asma. Tun la'asar iska ke kuka a ƙofar baranda. Bayan isha aka ɗauke wuta. Can cikin dare na sauko da ƙafa daga gado, sai na ji ta cikin ruwa. Ta ƙarƙashin ƙofa yake shigowa, ta gefen taga, ga silin yana ɗiga a kan teburin karatu. Jakar takarduna tana ƙasa, takardar shaidar makaranta da na sha wahalar buga mata hatimi ta jiƙe, tawada ta bazu. Yaron nan kuma numfashinsa ya sarƙe, ina haska masa da waya yana laluben abin shaƙarsa a cikin kaya jiƙaƙƙu. Lif ba ta aiki. Na sauka da ƙafa a duhu na buga wa bawwab, wato maigadin ginin, ƙofa, ya leƙo cikin bargo ya ce in yi haƙuri, nawwa ce, gobe da safe. Muka kwana a zaune kan kujerun falo da ƙafafu a naɗe.

Mai gidan nan, Allah ya isa tsakanina da shi. Na kira shi da asuba bai ɗauka ba. Da ya zo bayan an kwana biyu, sanye da kwat mai kauri, ko bango bai duba ba, sai ya tsaya kan kafet yana cewa mu muka bar ƙofa a buɗe, wai mu mutanen Afirka ba mu san ruwa ba. Mu da damina ke rushe mana katanga! Na nuna masa tsagar silin, tsohuwa ce, an shafe ta da farin fenti kafin a ɗauki hoto. Ya ce shi bai ga komai ba. Ranar da muka tashi ya riƙe ta'amin ɗinmu, wato kuɗin ajiyar da muka ba shi ranar shiga, gaba ɗaya, wai kuɗin kafet da fenti. Simsar ɗin da ya rantse mana da Allah cewa gidan ba ya yoyo, ya daina ɗaukar waya. Har yau in na wuce ta titin nan raina sai ya ɓaci. Kuma na tabbata washegari wani baƙon suka saka.

Ka nemi gida a ciki, bayan titin Jamal Abdunnasir, ko ka matso Ibrahimiyya ko Sidi Jabir in karatunka a harabar jami'ar da ke Shaɗibi ne, don ranar ruwa mashru', wato ƙananan bas na haya, wuya yake yi, hanyoyin ƙarƙashin gada kuma cika suke yi. Kada hawa na ƙarshe, kada na ƙasa. Ka je da ƙafarka, ka ja kabad ka duba bangon bayansa, ka shinshina ɗakin. In ka ji warin sabon fenti, ka tambayi abin da aka rufe. Ka ɗauki hoton kowane lungu ranar shiga, a rubuta ta'amin a cikin yarjejeniya. Bargo kuwa biyu, masu nauyi, da safa, da leda mai zif ta fasfo da iƙama, wato takardar izinin zama.

Af, sakhan, na'urar dumama ruwan wanka. Don girman Allah in na gas ne kuma a cikin banɗaki yake, kada ka rufe taga kana wanka. Duk sanyi sai an ji labarin waɗanda hayaƙinsa ya kashe a Masar, ba shi da wari, jiri kawai za ka ji. Haka daffaya, hitar dumama ɗaki, kada a kwana da ita a kunne kusa da bargo, kuma kada wani ya kawo maka dabarar garwashi a ɗaki irin ta gida. In ruwa ya taru a titi kada ka taɓa turken fitila, kada ka bi kusa da wayar taragu. Masu zuwa gadar Stanley ko bakin ganuwar Ƙaitbay ɗaukar hoton igiyar ruwa don Facebook, ku ji tsoron Allah, duwatsun nan santsi gare su.

Ban ce garin ba daɗi ba. In nawwa ta wuce sama takan wanke tas, ka sha miyar adas, wani irin ƙaramin wake, da zafinta, ka sayi gasasshen dankali a bakin hanya. Kifi ne dai zai yi tsada a makon, tunda ba wanda ya fita kamu.

Turo min sunan titin da lambar ginin ta saƙo. Ina da aboki a Mandara, zan sa ya je ya tambayi bawwab na ginin da ke kusa, ba na ginin ba, shi ne zai faɗi gaskiya.