Likita, Me Ya Sa Ake Rawar Sanyi Bayan Tiyata?

Tambaya: An yi mini aikin cire jariri da allurar baya. Ina kan gadon tiyata jikina ya kama makyarkyata har haƙorana suna haɗuwa. Zazzaɓi ne ya kama ni? (Wata maijego daga Zariya)

Amsa: Barka da arziki, Allah ya raya. Galibi wannan ba zazzaɓi ba ne. Zafin cikin jikin mutum yana kusan digiri 37, kuma jiki kan matse jijiyoyin jinin fata don ya riƙe ɗumi a ciki. Allurar baya da ta barci duk suna sakin waɗannan jijiyoyi, sai ɗumin ciki ya kwarara zuwa hannuwa da ƙafafu. A awar farko kaɗai zafin ciki kan iya sauka da digiri ɗaya ko fiye. Ga sanyin ɗaki, ga ciki a buɗe, ga ledar ƙarin ruwa mai sanyi, sai jiki ya kama makyarkyata don ya dawo da ɗumi. Amma idan makyarkyatar ta dawo bayan kwana biyu tare da zafin jiki, ki koma asibiti a duba ɗinkin.

Tambaya: Ni ma'aikacin jinya ne. Mayafin nan mai ƙyalli kamar takardar azurfa ya fi bargon auduga riƙe ɗumi? (Daga Maraɗi)

Amsa: Abokin aiki, bambancinsu kaɗan ne. Abin da ke tsare ɗumi shi ne iskar da ta maƙale tsakanin fata da mayafi, don haka bargo, zanin tiyata, leda ko mai ƙyallin, kowanne shimfiɗa ɗaya yana rage asarar ɗumi da kusan kashi 30 cikin ɗari. Ko ka jibga barguna uku, ba ka wuce rabi ba. A ganina kuɗin mai ƙyalli gara a sa shi wani wuri. Ka kula da faɗin fatar da ka rufe: hannuwa, ƙirji, ƙafafu, kai, duk inda likita ba ya aiki.

Sai dai mayafi ba ya ƙara ɗumi, tarewa kawai yake yi. Aikin da zai wuce minti 30 yana son bargon da na'ura ke hura wa iska mai ɗumi, irin su Bair Hugger, da ɗumama ruwan da za a ƙara. Ina nanata wannan ne saboda ƙasa da digiri 36 jini ba ya daskarewa da kyau, ɗinki kuma ya fi saurin yin ruwa. Binciken da likitoci Kurz da Sessler suka wallafa a 1996 kan mutum 200 da aka yi wa aikin hanji ya nuna ciwon ya harbu a kashi 19 na waɗanda suka yi sanyi, kashi 6 kacal a waɗanda aka ɗumama.

Tambaya: Za a yi wa mahaifina aikin gwaiwa, kuma ba ya jure sanyi. In kai robar ruwan zafi a sa masa? (Daga Gusau)

Amsa: Don Allah kada ka kai. Wanda aka kashe wa jiki ba ya jin ƙuna, ba zai iya cewa a janye ba, sai an gama a tarar fata ta sale. Ka rufe Baba da bargo da safa tun yana jiran a shiga da shi, ka kuma gaya wa mai ba da allurar barci shekarunsa da cewa sanyi na damun sa, tunda tsofaffi da jarirai su suka fi saurin yin sanyi.