Amsa ga mai son yi wa abokinsa bidiyon waƙa ba kuɗi

Ɗan uwa ka ce abokinka mawaƙi ne, kuna son bidiyo amma aljihu ba nauyi, to wlh wayarka ma ta isa in dai kyamararta na da kyau. Ni da nawa mutumin haka muka yi, ko janareta ba mu haya ba, bayan la'asar muke fita lokacin rana ta yi sanyi, hasken ya fi na fitilar haya kyau. Ka kwantar da wayar a kwance saboda YouTube, ka kunna waƙar a sifika yana bin ta da baki, ku ɗauka daga farko har ƙarshe kamar sau biyar ta ɓangare daban-daban, sai ka haɗa a CapCut, manhajar haɗa bidiyo ta waya.

Wuri biyu ya isa, ya canza kaya kawai. Mu kan Dutsen Dala muka hau, yara suka yi ta shigo mana hoto sai da muka sallami babbansu ya tsare mana su, hhh. In a Kano kuke kar ku manta da Hukumar Tace Fina-finai kafin ku saki.

Sannan tun yanzu ku yi maganar a tashar wa za a ɗora, mu nan ne muka kusa ɓatawa.