Giyar raba ƙarfi a tsohuwar motar soja

Malam Sani, ka tambayi yadda ake canja giyar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya a motar soja M35 ɗin da kake ɗaukar kaya da ita a Apapa, Legas.

Matakinta biyu ne, babba da ƙarami. Ƙaramin yana kusan ninka ƙarfin ja amma ya rage gudu, don haka na taɓo ne da hawa. Kafin ka shiga shi, tsaya cak, taka kuloci, sannan ka tura sandar ƙasa. In ta ƙi, ɗan gangara kaɗan haƙoran su haɗu, kada ka danne ta da ƙarfi.

Tayoyin gaba kuwa, tsofaffin samfuri da kansu suke kamawa in na baya sun sulɓe. A samfuran baya-bayan nan da maɓallin iska ake haɗa su, sai tankin iska ya cika. Kashe shi a kan busasshiyar kwalta, in ba haka ba farfela (ƙarfen da ke kai ƙarfi ga tayoyi) da taya za su ci wuya, ka koma neman kayan gyara a kasuwar Ladipo.