Hukuncin gyara tsohon hoton mamaci da sa masa kala

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Mahaifinmu ya rasu tun ina goye, hotonsa ɗaya tal muke da shi, baƙi da fari ne wanda ya ɗauka lokacin da zai tafi Hajji, yanzu duk ya koɗe, gara ta ci gefensa, ruwa ma ya taɓa wajen fuskar. Wani abokina yace akwai manhaja a waya da zata gyara shi har ta sa masa kala, amma yayarmu tace haramun ne wai ya zama zane kenan. Dan Allah meye hukuncin? Kuma in mutum ya maida abin sana'a kuɗin halal ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Toh ɗana, kar ka ga laifin yayarku, maganarta tana da tushe. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi bin Mas'ud cewa Annabi (SAW) yace masu yin sura, wato zana ko sassaƙa siffar abu mai rai, suna cikin waɗanda zasu fi shan azaba ranar alƙiyama. Inda malamai suka rabu shine ko hoton kyamara ya shiga cikin wannan surar ko bai shiga ba. Shehu Bin Baz da Albani sun ce ya shiga, sai dai in da lalura kamar fasfo da katin shaida. Shehu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, muftin Masar wanda ya rasu a 1935, shi kuma yace kyamara ba ta ƙirƙirar komai, inuwar abin da Allah ya halitta ce kawai ake tsarewa, kamar yadda mutum ke ganin kansa a madubi. Ga kuma mazhabarmu ta Malikiyya, wadda a wajenta abin da yake haram shine sura mai jiki mai inuwa irin gunki, ta abu mai rai, wadda gaɓoɓinta suka cika, amma wadda take a shimfiɗe kan takarda ko ƙyalle ba ta wuce karahiya. Ni ra'ayin halacci nafi natsuwa da shi.

In haka ne, goge datti da tabon ruwa, da haɗa inda ya yage, da ƙara haske inda ya koɗe, duk babu laifi, abin da yake nan dama ake fito da shi.

Kala kuma akwai abin da nake so ka gane sosai. Hoton baƙi da fari bai ajiye launi ba sam, haske da duhu kawai ya ajiye, saboda haka manhajar nan ba ta san ko babbar rigar babanku shuɗiya ce ko ruwan ƙasa ba, kintace take yi daga ɗimbin hotunan wasu mutane da aka horar da ita da su. Sa kalar ya halatta, amma da sharaɗin duk wanda ka nuna wa ka faɗa masa cewa kalar sawa aka yi, kuma ka adana na asalin kar ka jefar. In akwai wata gwaggo ko baffa da suka san rigar, tambaye su, maganarsu tafi ta manhaja.

Inda nake jin tsoro shine fuskar, tunda kace ruwa ya taɓa ta. Waɗannan manhajojin in suka tarar da ido ko hanci ya goge, ba dawo da shi suke ba, sabo suke ƙerawa, sai kaga sun ɗauki bille ko tsagar gado a matsayin ƙarzanen takarda sun share, sun haska fata, sun gyara haƙora, dattijo ya fito kamar wani saurayi daban, kai kuma da baka san shi ba ka rungumi fuskar da ba tasa ba kana nuna wa 'ya'yanka kana cewa ga kakanku. Wannan ƙarya ce aka jingina wa mamaci, kuma nan ne maganar yayarku take kama hanya, domin an fita daga tsare inuwa an koma ƙirƙirar sura. Inda ya goge a bar shi a goge, yafi. Haka masu sa hoton mamaci yana ƙifta ido yana murmushi ko yana magana, wannan ban yarda da shi ba ko kaɗan, fami ne kawai ga zuciyar iyalai, ga kuma sa masa abin da bai yi ba.

Kaga dai hotunan da ake yawo da su wai na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, alhali Shehu ya rasu a 1817, ɗaukar hoto kuwa sai a 1839 aka bayyana wa duniya ita a Faransa. Amma mutane na ta turawa da niyyar neman lada.

Bayan an gyara, ka ajiye a waya ko a cikin albam. Kar a faɗaɗa shi a sa firem a rataya a falo, domin hadisi ya tabbata cewa mala'iku ba sa shiga gidan da yake da kare ko sura, kuma Ibn Abbas ya bayyana cewa Waddu da Suwa'u da sauran gumakan da aka ambata a Suratu Nuh aya ta 23 asalinsu sunayen mutanen kirki ne da aka kafa musu alamu dan tunawa, da tafiya tayi nisa aka koma bauta musu. Hotunan malamai da shehunnai sunfi buƙatar wannan taka-tsantsan ɗin. In kuma hoton mace ne ba mayafi, to ya tsaya a hannun muharramanta, rasuwa ba ta cire mata hurumi.

Sana'ar halal ce kuɗin ma halal ne, matuƙar zaka faɗa wa mai hoto abin da ka gyara da abin da na'ura ta kintata, kar ka karɓi aikin haɗa hoton bogi ko na tsiraici, domin Annabi (SAW) yace wanda ya ha'ince mu baya cikinmu, Muslim ne ya ruwaito. Yayarku kuma in zuciyarta bata natsu ba kar ku matsa mata sai ta kalla.

Wallahu a'alam.