Tambaya da Amsa: Tuƙa Allo a Tsaye Cikin Ruwa Mai Gudu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Samaru. Ina yawan ganin bidiyon mutane a YouTube suna tsaye a kan wani allo, da filafili ɗaya a hannu, suna gangarawa cikin kogi mai duwatsu da kumfa. Na ga ana sayar da irin allon a intanet. Wanne zan saya, kuma me zan haɗa da shi? Ina so in gwada a kogin Galma idan ruwa ya kawo.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wannan wasa daga bakin tekun tsibiran Hawai na Amurka ya fito, kuma a farkon shekarun 2000 mutane irin su Laird Hamilton, gwanin hawan igiyar ruwan teku, suka yaɗa shi, kafin daga baya a shigo da shi koguna. Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne yawan faɗuwa. Ko gwani yana faɗawa ruwa sau da yawa a fita ɗaya, saboda haka duk kayan da za mu lissafa maka, don lokacin faɗuwa ake sayensu.

Allon kogi na hurawa ne, ba na katako ko gilashi ba, domin mai tauri yana tsagewa idan ya daki dutse. A cikinsa akwai dubban zaruruwa da suka haɗa sama da ƙasa, su ne ke sa ya miƙe kamar katako idan ya sha iska. Nemi mai tsawon mita 2.7 zuwa 3, faɗin santimita 86 zuwa 91, kaurin santimita 15, wanda gabansa ya ɗaga sama sosai kamar hancin kwalekwale. Idan gaban a kwance yake, zai riƙa nutsa kai cikin igiyar ruwa ya jefa ka gaba. Yawancin allunan da ake tallatawa da araha na tafki ne: dogaye, sirara, da dogon fiffike mai tauri a ƙarƙashi. Wannan fiffiken shi ne matsala. Da ya taɓa dutse allon zai tsaya cak, kai kuma ka wuce da ka. Na kogi gajere ne, bai wuce santimita 5 zuwa 10 ba, kuma na roba mai lanƙwasa.

Filafili ya ɗara tsayinka da kamar santimita 15, bakinsa ya zama na roba mai ƙarfi da zai jure gogar dutse. Sai rigar kariya daga nutsewa. A duba jikinta, akwai lambar da ke nuna ƙarfin ɗagawarta: kada ta gaza niyuton 50, kuma mu mun fi son 70 a ruwa mai kumfa, domin ruwan da ya cika da iska ba ya ɗaga mutum yadda ruwa kwantacce ke yi. Ka ɗaure ta, wani ya kama kafaɗun ya ja sama. Idan ta haura zuwa kunnuwanka, ta yi maka yawa, ruwa zai cire ta. Rigar da ake hurawa da baki ko da ƙaramar tukunyar iska ba ta kogi ba ce. Hular kwano kuma ta wasan ruwa ake so, mai ramukan zubar ruwa, irin mai lambar ingancin Turai EN 1385. Ta babur tana shan ruwa ta yi nauyi, ruwa kuma ya kama ta ya murɗe wuya. Ƙara da takalmi rufaffe mai ɗauri (silifa ba ya kai minti ɗaya), abin kare gwiwa da ƙwauri, usur a jikin riga, da jakar igiyar ceto mai mita 15 zuwa 20 ta igiyar da ba ta nutsewa.

Batun Galma idan ruwa ya kawo kuwa, a'a. A watan Agusta ruwan jajawur yake, ba ka ganin abin da ke ƙarƙashinsa, yana ɗauke da itatuwa da karare, kuma ya kan shiga cikin gonaki da bishiyoyin gaɓa. Idan saurin ruwa ya ninka biyu, ƙarfin turinsa ninki huɗu yake yi. Akwai ma'aunin wahalar kogi da duniya ke amfani da shi, daga mataki na 1 zuwa na 6. Mai koyo yana farawa ne a ruwan da ba ya motsi, ya yi makonni a durƙushe da tsaye har ya iya juya allo da komawa kansa daga cikin ruwa, sannan ya shiga mataki na 1. Abin da kake gani a bidiyo galibi na 3 ne ko fiye, kuma masu yinsa sun shekara suna yi. Kafin duk wannan, sai ka iya iyo sosai, kuma kada a fita ƙasa da mutum uku.

Tambaya: Allon da yayana ya kawo mini daga waje ya zo da igiya mai murɗi da ake ɗaurawa a idon sawu. Wani ya ce kada in yi amfani da ita a kogi. Ina gaskiyar maganar? Daga wani mai karatu a Sabon Gari.

Amsa: Wanda ya gaya maka ya yi maka babban alheri, Malam. A teku ko tafki igiyar sawu tana hana allo gudu ya bar ka. A ruwa mai gudu kuwa tana kisa. Ga yadda abin ke faruwa: ka faɗi, allon ya bi ta dama da wani dutse ko kututture, kai ka bi ta hagu. Igiyar ta maƙale. Ruwa ya miƙar da kai, ƙafa a sama wajen igiyar, kai a ƙasa cikin ruwa. Don ka kwance ta sai ka naɗe jikinka ka kai hannu idon sawu, gaba da ƙarfin kogi, kuma ko ƙato ba ya iyawa. A kogi ana ɗaura igiyar ne a ɗamarar ƙugu ko ta jikin riga, mai maɓallin da ake fizga da hannu ɗaya ta saki nan take. Ka gwada fizgar a tudu, da hannun dama da na hagu, ido a rufe, abokinka yana jan igiyar da ƙarfi. Idan bakin ɗamarar da ya rage bayan maɓallin ya yi tsawo, a rage shi, don dogon baki na iya maƙalewa ya hana ta zarewa. Idan ba ka da irin wannan ɗamara, gara ka shiga ba igiya sam.

Tunda muna kan abin da ke riƙe mutum a ruwa, akwai wasu uku. Na farko, miƙewa tsaye. Wanda ya faɗi, zuciyarsa takan ce ya taka ƙasa. Ƙafa ta shiga tsakanin duwatsu biyu, ruwa ya tura shi ya kifa, ko da zurfin bai wuce ƙugu ba. Abin yi shi ne ka kwanta rigingine, ƙafafu a gaba wajen da ruwa ya nufa, yatsu a saman ruwa, kana tunkuɗe duwatsu da tafin ƙafa, har ka ga wuri mai sanyin gudu a bayan dutse ko a gaɓa, sai ka juya ka yi iyo da ƙarfi ka shiga. Kada ka tsaya sai ruwa ya koma ƙasa da gwiwa.

Na biyu, bishiyar da ta faɗa kogi. Ruwa na wucewa ta tsakanin rassa kamar ta rariya, mutum ba ya wucewa. A kauce mata tun daga nesa.

Na uku, kuma shi ya fi damun mu a nan Zariya, shi ne madatsar ruwa. Muna da ta Galma da ke shayar da gari, da ta Kubanni a Samaru, ga ƙananan gadojin kankare da ruwa ke bi ta kansu da damina. Duk inda ruwa ke zubowa ta kan miƙaƙƙen bango, ko da tsayinsa bai kai mita ɗaya ba, a ƙasansa ruwan saman yana komawa baya ne wajen bangon. Wanda ya shiga, ruwan zai danna shi ƙasa, ya taso, ya sake jawo shi, haka nan ba iyaka, kuma kumfar ta rage wa rigar kariya ƙarfi. Daga sama ba a ganin haɗarin, layi kawai ake hangowa a kan ruwa. Mutum huɗu suka rasu sanadiyyar hatsarin da ya faru ranar 30 ga Oktoba 2021 a garin Haverfordwest na yankin Wales a Birtaniya, lokacin da ayarin masu tuƙa irin wannan allo suka bi ta kan madatsa bayan ruwan sama mai yawa. Ba a bi ta kan madatsa. Fita ake yi tun da nisa, a ɗauki allo a ka, a zagaye ta tudu. Tafkunan madatsun kuma ruwan sha ne, ba a shigarsu sai da izinin masu kula da su. Kafin ka sa allo a kowane sashe na kogi, bi gaɓarsa da ƙafa tukuna, ka kuma zauna da masuntan wurin; su suka san gurbi, da inda aka kafa taru, da inda ruwa ke juyi.

Idan aka jefo maka igiyar ceto, kama igiyar, ba jakar ba, ka ɗora ta a kafaɗa kana rigingine. Kada ka naɗa ta a hannu.

Tambaya: Famfon hannu yana gajiyar da ni. Zan iya kai wa mai faci allon ya hura mini? Kuma in ya huje, facin taya zai yi? Daga Tudun Wada.

Amsa: Kada ka kai. Yawancin alluna PSI (ma'aunin matsin iska) 12 zuwa 15 suke ɗauka, an rubuta adadin kusa da bakin hurawa, alhali tayar mota tana shan sama da 30, kuma injin mai faci zai wuce iyaka kafin ka ankara. Famfon hannu mai agogo minti goma ne. Kafin ka fara, tabbatar ɗan tsinken da ke tsakiyar bakin yana sama. Idan yana ƙasa, da ka zare tiyo iskar za ta fice duka. A zafin Maris da Afrilu kada ka bar allo cike a rana ko cikin mota, iska na kumbura ta ɓalle haɗin gefe. Rage masa iska ka sa shi a inuwa. Facin taya ba ya kamawa, domin jikin allon leda ce ta PVC, ba robar taya ba. Shafa ruwan sabulu ka ga inda ke kumfa, ka sace iskar duka, ka busar, ka yanka faci mai zagaye da ya wuce hujin da santimita 3 ta kowane gefe, ka shafa gam ɗin PVC a ɓangarorin biyu, ka danne da abu mai nauyi awa 24.

Tambaya: Ɗana mai shekara 14 ya matsa sai ya bi yayyensa tuƙa allo a ruwa. Ni tsoron fitsarin jini nake yi. Daga wata uwa a cikin Birni.

Amsa: Hajiya, tsoronki a kan hanya yake. Cutar tsagiya tana fitowa ne daga ƙananan katantanwa da ke zama a ruwa kwantacce mai ciyayi, ƙwayarta kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. Wato wurin da ya fi sauƙin koyo shi ne ya fi ɗauke da ita. Ya koyi iyo da tsayuwa a kan allo a wurin ninƙaya da ake zuba wa magani, da rigar kariya daidai jikinsa, ba ta yayansa ba. Ruwa mai gudu kuwa ya dakata tukuna. Idan ya riga ya saba shiga rafi, ko kin ga jini a ƙarshen fitsarinsa, a kai shi asibiti a auna fitsarin. Maganinta praziquantel ne, kuma gwargwadon nauyin yaro likita ke bayarwa.