Me ya sa yarona baya bambance ja da kore alhali mu iyayensa muna gani lafiya?

'Yar'uwa kin tambaya ko laifin wani abu ne da kika yi, wallahi a'a, gado ne kuma kusan tabbas ta wajenki ya biyo ko da ke kina gani garau.

Kin ga a can bayan ido akwai wasu ƙananan ƙwayoyi iri uku masu kama haske, ɗaya ya fi jin shuɗi, ɗaya kore, ɗaya kuma wajen ja, ƙwaƙwalwa ce ke gwada saƙonsu ta fitar da launi. To ƙwayoyin gadon da ke haɗa sinadarin jin ja da na kore a cikin waɗancan ƙwayoyin idon suna manne da juna a kan kuromosom X, wato ɗaya daga cikin zaruruwan da ke ɗauke da gado a jikin mutum, kuma sun yi kama sosai har wani lokaci sukan cakuɗe ko ɗaya ya ɓace wajen gado, sai sinadaran biyu su riƙa jin haske kusan iri ɗaya ko kuma a rasa ɗaya gaba ɗaya. Shi ya sa zai ɗauko jan fensir ya ce kore ne, ba shiririta yake ba, haka yake gani da gaske.

Ke X biyu gare ki, mai kyan ta rufa wa ɗayar asiri, shi kuwa namiji guda ɗaya tak ya samu kuma daga uwa. A Turawan arewacin Turai kusan namiji 1 cikin 12 na da wannan matsala, mata kuwa 1 cikin 200.

Ki kai shi likitan ido a yi masa gwajin Ishihara, wannan mai ɗige-ɗigen launi da lamba a ɓoye ciki. Don Allah kuma ki sanar da malamansa kar a riƙa yi masa faɗa a aji.