Karatun injiniyan injuna: shekara nawa ne, kuma dole sai da lissafi?

Ƙanena, ka ce hannunka ya faɗa a gyaran injin ban-ruwa, amma lissafi na ba ka tsoro, kana tambaya ko za ka iya wannan karatu.

Shekara 5 ne. A JAMB za ka rubuta Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Jami'ar Aliero, wadda aka kafa a 2006, tana da sashen.

Gaskiya lissafin ba ya kauce maka. Injin da kake kwancewa a fadamar Argungu, a aji za a sa ka lissafa zafin da fetur ke bayarwa a silinda, da ƙarfin da ke tura fistin (ƙarfen da ke kai da komo a cikin silinda), da litar ruwan da famfo zai ɗago a minti guda. Amma kai ka riga ka taɓa fistin da hannunka, yawancin 'yan ajinku a zane za su fara ganinsa. Wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Ka kama aljabra tun yanzu, kullum ko da awa ɗaya.

A aji 4 akwai SIWES, wato koyon aiki a masana'anta, na wata 6. Ka nemi masana'antar casar shinkafa a Birnin Kebbi ko Argungu, kada ka yarda a zaunar da kai ofis.